Meinl HCS ko Sabian B8X, ko kuwa a nemi na hannu? Amsa ga mai neman simbal da kuɗi kaɗan

Ɗan'uwa, ka ce kana kaɗa ganguna a majami'a, wani lokaci kuma a ɗauke ku wasan biki. Simbal ɗin da suka zo tare da saitin gangunanka, wato faifan ƙarfen nan da ake bugawa da sanda, sun lanƙwashe, kuɗin da ke hannunka kuma ba zai kai ka ga manyan kaya ba. Mai shago ya ajiye maka kwali biyu, Meinl HCS mai araha da kaya da yawa a ciki, da Sabian B8X wanda ya fi shi tsada, kana so a faɗa maka wanda za ka ɗauka.

Kafin ka dubi sunan kamfani, dubi ƙarfen. Meinl kamfanin Jamus ne tun 1951, Sabian na Kanada ne, Robert Zildjian ya kafa shi a 1981 bayan ya rabu da kamfanin gidansu. Dukansu biyu suna ƙera na masu koyo, suna ƙera na ƙwararru. Saboda haka sunan da ke jikin kwali ba zai gaya maka komai ba. Abin da ya raba kwalayen nan biyu shi ne haɗin da aka narka.

HCS tagulla ce ta jan ƙarfe da tutiya, kashi 63 jan ƙarfe, sauran tutiya. 'Yan ajinsu su ne Sabian SBR da Paiste PST 3 da Zildjian Planet Z. B8X kuwa jan ƙarfe ne kashi 92 da kuza kashi 8, irin kuzar nan da aka yi shekaru ana haƙa a Jos da Bukuru. Abokan tafiyarsa Zildjian I da Paiste PST 5. Kuzar nan ita ce ke sa ƙarfe ya yi amo mai tsawo. Idan ka bugi kirash na tutiya, wato faifan da ake wa bugu ɗaya mai ƙarfi don ƙawata kiɗa, ƙarar tana fita ta mutu nan take, kamar an jefar da murfin tukunya a tsakar gida. Na kuza yana buɗewa, ya yi sheƙi a kunne, ya ɗan daɗe kafin ya lafa. A ɗaki kai kaɗai bambancin ba zai dame ka sosai ba. Amma a majami'a, inda jita da fiyano da mawaƙa duk suna cikin lasifika, kai kuma galibi ba a sa wa simbal ɗinka makirfo ba, na tutiya nutsewa yake yi. Sai ka ƙara ƙarfin hannu don a ji ka, ƙarfen kuma mai laushi ne, sai baki ya fara lanƙwasa. Ina kyautata zaton abin da ya sami waɗanda ke gabanka yanzu ke nan.

Ba ina cewa HCS banza ba ne. A cikin masu tutiya yana cikin waɗanda aka yi wa aiki mai tsabta, kuma ya fi faifan da ake haɗo wa saitin ganguna masu araha nesa ba kusa ba. Da yaro za ka saya wa yana koyo a gida, ko makaranta ce inda hannu goma ke taɓa ganga a rana, da na ce ka ɗauka ka huta. Kai kuwa a gaban jama'a kake kaɗawa. Tsakanin biyun nan, B8X.

Kada kuma wani ya raina maka B8, wato wannan haɗi mai kuza kashi 8, ya ce ƙarfen talaka ne. Paiste na Suwizalan sun fitar da jerin 2002 a shekarar 1971 da wannan haɗi na kashi 8, kuma har yau manyan makaɗa na duniya suna kaɗa shi. Abin da ke sa B8 mai araha ya yi tsami a kunne shi ne ƙarancin aikin guduma da na sassaƙa. Shi ya sa nake son PST 7 na Paiste ɗin, wanda shi ma B8 ne, domin an fi ba shi lokaci, amonsa ya fi na B8X taushi. Idan ka same shi a farashin da bai yi nisa ba, gwada su gefe da gefe. B8X yana da kaifi, yana ratsa hayaniya, ya dace da filin biki. A ƙaramin ɗaki mai rufin kwano da daɓen siminti kaifin nan yakan yi yawa, har dattawan layin gaba su fara juyowa suna harararka.

To, ga hanya ta uku da mai shago bai ajiye maka ba. Manyan simbal irin su Zildjian A da K, da Sabian AAX da HHX, haɗinsu jan ƙarfe 80 ne, kuza 20, shi ake kira B20. Wannan shi ne ƙarfen da gidan Zildjian suka yi suna da shi tun 1623 a Istanbul. Yana da wuyar sarrafawa, a narka, a zuba, a gasa a murje sau da yawa, a buge da guduma, shi ya sa rayid ɗaya na K, wato babban faifan da ake bugawa a kai a kai don riƙe kiɗa, zai iya fin kwalin HCS gaba ɗaya tsada. Amma akwai B20 da talaka zai iya kaiwa. Akwai Sabian XSR, akwai Xist na Istanbul Agop daga Turkiyya, akwai Wuhan da Dream waɗanda ake ƙerawa a Sin. Sannan akwai na hannu, wanda wani ya kaɗa ya gaji ko ya matsu da kuɗi.

A nan ne kwatancin ya fi daɗi, domin kowanne yana da abin da ya fi ɗan'uwansa. B8 daga shimfiɗaɗɗen falle ake yanko shi, don haka kirash inci 16 na B8X da ke Kaduna da wanda ke Legas kusan murya ɗaya gare su. Za ka iya aika kuɗi a sa maka a mota ba tare da fargaba ba. B20 mai araha, musamman na Sin, kowane faifai da halinsa. A cikin guda biyar masu suna ɗaya da girma ɗaya za ka iya samun ɗaya da zai tsaya kusa da mai tsada ba kunya, ka samu wani da ba ka so ko kyauta. Wannan ba a sayensa da hoto. Ka tafi da sandarka, ka rataya shi a yatsa ko a kan ƙafarsa, ka buga gefe, ka buga tsakiya, ka buga ƙoƙon, sannan ka ba wani ya buga kai ka koma nesa ka saurara, domin abin da jama'a ke ji daban yake da abin da mai kaɗawa ke ji. Ta fuskar amo, B20 mai kyau ya fi faɗi da zurfi, yana amsa ko da ka taɓa shi a hankali lokacin waƙa mai sanyi. B8 sai an ɗan matsa masa yake buɗe baki.

Na hannu yana son ido. Ka bi bakin faifan da farce ko'ina, duk inda farce ya maƙale ka duba da kyau. Ka ɗaga shi a haske ka bi layukan sassaƙa, domin tsaga takan ɓuya a cikinsu. Ka dubi ramin tsakiya: idan ya daina zama zagaye ya zame gefe ɗaya, an daɗe ana kaɗa shi ba roba a jikin ƙarfen da ke riƙe shi. Kaɗan daga wannan ba ya kashe amo, sai dai ya zama dalilin neman ragi. Tsaga kuwa ko ta kai ƙwayar shinkafa, bar shi, gaba take ci. Datti da dusashewar tambari ba komai ba ne. Abin tsoro ma shi ne faifai mai sheƙi, tambarin babban kamfani ɗau a jiki, farashi kuma kamar kyauta. Jabu suna yawo. Zildjian na gaske yana da hatimi a jikin ƙarfen kansa, fenti kaɗai ba shaida ba ne.

Da ni ne da kuɗinka, ba zan sayi kwali ba sam. Kwali yana sa ka biya kuɗin abin da ba ka buƙata yau. Zan zuba mafi yawan kuɗin a hai-hat inci 14 mai kyau, wato faifai biyun nan da ake haɗawa da buɗewa da ƙafa, domin shi hannunka ke kai tun farkon waƙa har ƙarshenta, kuma shi ne wanda muninsa ba ya ɓoyuwa. Sauran in sayi faifai ɗaya inci 18 mai matsakaicin kauri, wanda zai yi aikin kirash ya kuma riƙe maka rayid kafin aljihu ya farfaɗo. Rayid inci 20 ya jira wata shekarar. Idan ba ka da halin zuwa ka saurara da kunnenka, ko babu na hannu mai lafiya a kusa da kai, ɗauki B8X ɗin, ba za ka yi da-na-sani ba.

Duk wanda ka saya, ka haɗa da robar da ke shiga ramin tsakiya da soso na sama da ƙasa, kuɗinsu kaɗan ne. Kada ka ɗaure kunnen sukurun tamau, bar faifan ya yi lilo. Ka ɗan karkato shi wajenka, ka riƙa shafar gefensa da sanda kana wucewa maimakon sarar bakinsa kai tsaye. Ranar biki kuma a sa su cikin jaka da tsumma tsakanin kowane biyu, kada yara su jibge su a bayan mota ƙarƙashin lasifika.