Jama'a ku yi hattara, an sayar min da kuɗin Girka na jabu a kan dubu 780

Wallahi tun shekaranjiya ban yi barcin kirki ba. Naira dubu 780. Dubu 780 fa jama'a, a wannan marrar da ake ciki.

Kuma kada wani ya zo min da zancen wai kwaɗayi ne ya ja min, ni ba jiya na fara ba, shekarata 9 ina tara tsofaffin kuɗi tun daga anini da kobo mai huji har sisi da sule. Burina kullum in mallaki tsohon kuɗin nan mai hoton mujiya na birnin Atina a Girka, tetiradirakma, wanda aka buga da azurfar ma'adinan Lauriyon shekara sama da 2,400 da suka wuce. Na san kamanninsa sarai, gefe ɗaya kan Atena, gunkiyar birnin, da hular yaƙi, ɗaya gefen mujiya da reshen zaitun da ɗan jinjirin wata, nauyinsa wajen giram 17.2.

A wani gurup na Facebook na gamu da mutumin, ya ce a Girka yake aiki a tashar jirgin ruwa, muka koma WhatsApp. Na ce ya ɗora min a sikeli, ya ɗora ya turo bidiyo, 17.1, da idona na gani. Har ya juya shi ya nuna min wata tsaga a kan mujiyar, irin wadda 'yan kasuwar wancan zamanin ke yi da kurfi don su ga ko cikin ma azurfa ne, ya ce "Malam da jin tambayoyinka na san ka san kaya." Wannan tsagar ce ta kwantar min da hankali, ita nake ta gani in na rufe ido, don Allah wa zai ga wannan tsagar ya ce ƙarya ne?

Na tura dubu 300, bayan kwana biyu dubu 400. Au, kafin dubu 400 ɗin ne ma ya ce kuɗin aike dubu 80, a wani akawun daban mai wani suna, a nan gabana ya ɗan faɗi amma na tuno bidiyon nan, 17.1, na tura.

Da kaya ya iso na kai wa wani dattijo maƙerin azurfa a kasuwarmu. Ya ɗora a sikelinsa, 13.4. Ya ce "ɗana zubi ne wannan", ya nuna min wani siririn layi da ya zagaye gefen da ƙananan ramuka a kumatun Atena, alhali na asali da guduma ake buga su. Ya kankare gefe kaɗan sai ga ja ya fito, tagulla ce aka shafa wa ruwan azurfa. Ko tsagar babu, ba shi ne na cikin bidiyon ba sam. Kunya ta hana ni gaya masa nawa na biya.

Tun kafin ma in je kasuwar ashe wanda ya sayar min ɗin ya yi bulokin ɗina, ban lura ba sai da na dawo.

Sikirinshot na hirarmu da rasit uku da bidiyon duk suna nan, zan sa su anjima in na rufe lambobin banki na. Kada ku biya sai an auna a gabanku, ku duba gefe, akawun ya canza ku tsaya.

Dubu 780, kuɗin da na ware na rufin ɗaki ne, har yanzu ban faɗa wa maman yara ba.