Janarik ko madauki: wane yaren kwamfuta za ka ɗauka?

Matasan Aboabo da Asawase a Kumasi masu son koyon rubuta manhaja kan yi tambaya ɗaya kafin su biya kuɗin kwas: sai yaren da ke da janarik, ko madauki kaɗai ya isa? Ni dai yaren Go nake nuna musu.

Madauki shi ne ka bi jerin abubuwa ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda mai susu ke bin sunayen littafinsa yana tara kuɗi. Janarik kuwa dabara ce ta rubuta aiki guda da zai karɓi nau'o'in bayanai daban-daban, kamfaila kuma, wato manhajar da ke fassara rubutunka zuwa abin da kwamfuta ke ganewa, ta tantance su tun kafin manhajar ta tashi.

Google ne ya fitar da Go a 2009, aikin Rob Pike da Ken Thompson da Robert Griesemer. Madauki ɗaya tal gare shi, `for`, kuma ya shekara fiye da 10 babu janarik. A haka aka gina manyan manhajoji irin su Docker da Kubernetes da shi, saboda haka duk wanda ya ce maka madauki ba ya babban aiki, bai duba ba. Janarik ya shigo ne a Go 1.18, cikin Maris 2022, sannan 1.21 ta zo da kunshin `slices` da `maps` a 2023. Yau kana da duka biyun a hannu: aikin yau da kullum ka yi shi da madauki wanda ko ɗan koyo zai karanta ya gane, in ka ga kana kwafe aiki ɗaya saboda bambancin nau'i kawai, sai ka jawo janarik.

Java na da janarik tun 2004, amma rubutunsa ya cika yawa. C++ in ka yi kuskure a tamfilet, wato irin nasa janarik ɗin, saƙon sai ya cika allo. Rust na da kyau, sai dai ba na mai gaggawa ba ne. Python kuwa ba ya duba nau'i kafin ya tashi, sai ka haɗa shi da wani abin daban.

Duba nau'i kafin manhaja ta tashi, shi ne ma'aunina. An taɓa kawo mini manhajar wani mai susu in gyara. Wanda ya rubuta ta ya watsa `interface{}`, wanda ke karɓar kowane irin nau'i, ko'ina, nan kuɗi na zuwa a pesewa, can a sidi mai ɗigo. Kamfaila ba ta ce uffan ba. Ranar biya manhajar ta faɗi, ga matan kasuwa a tsaye suna jiran kuɗinsu. Da janarik aka yi amfani da shi, da tun a kan tebur an kama matsalar.

Sai ka yi hattara da 'yan damfara, don sun yi yawa. Go kyauta ne a go.dev, VS Code, manhajar da ake rubutun a ciki, ma kyauta. Wanda ya ce ka biya ya zuba maka a filashi, cutarka zai yi, kuma manhajojin da aka fasa makullinsu sukan zo da ƙwayar cuta. Akwai masu kwashe tsofaffin bidiyo na kafin 2022 su sayar a WhatsApp, sai ka tura kuɗi ta MoMo sannan ka ji malamin na cewa Go ba shi da janarik. Kafin ka biya ko sidi ɗaya, ɗan'uwa, ka sa malamin ya buga `go version` a gabanka, ya kuma rubuta ƙaramin aiki mai `[T any]`, wato alamar janarik a Go. In ya fara kame-kame, ka tashi. Takardar shaida mai tambarin Google ma ba hujja ba ce, kowa na iya buga ta a shagon firinta.

In kuma aiki za ka ba wani, buɗe fayil ɗin `go.mod` ka ga lambar sigar Go da ke ciki, ƙasa da 1.18 janarik ba ya aiki. Ka duba sunayen kunshin da ya jawo daga GitHub harafi bayan harafi, domin ana ƙirƙirar na jabu masu kama da na asali. Wanda ya cusa janarik a kowane layi don ya ƙara maka farashi, shi ma ka tambaye shi dalilin kowanne.