Gano manhaja a teburin kartar poka: CAPTCHA ko ƙididdiga?

A wata majalisar matasa masu rubuta manhaja a Wuse, Abuja, mun yi gardama kan yadda za a gane asusun da kwamfuta ke buga wa karta a intanet. Damuwar tana da tushe, domin a 2017 manhajar Libratus ta doke ƙwararru huɗu cikin zagaye 120,000.

Wasu suka ce CAPTCHA, wato gwajin da ke bambance mutum da kwamfuta, ta isa: a tsayar da wasa, a ce ka zaɓi hotuna. Ga sauri ga arha, amma mai manhajar yana iya zama kusa ya amsa da kansa.

Ni na fi gamsuwa da ƙididdiga. A tara dubban zagaye a duba sau nawa asusun ke shiga wasa, sau nawa yake ƙara kuɗi, daƙiƙa nawa yake ɗauka kafin ya yanke shawara. Mutum yakan gaji, ya harzuƙa bayan asara, ya tashi cin abinci. Manhaja kuwa ko gezau. In asusu goma suka fito da alƙaluma iri ɗaya, asiri ya tonu. Abin da ke damuna shi ne jinkiri: kafin hujja ta taru, an riga an kwashe kuɗin mutane.