Kawu, ba laifin juwan ba ne

Kawu, gaisuwa daga Biresha ta ƙasar Italiya. Ina fata kana lafiya, da yaran garaji da mutanen gida duka a Tawa. Sanyi ya shigo, amma aiki na tafiya, alhamdu lillahi.

Ka tuna katafilar nan da muka canza wa juwan, zoben robar nan da ke hana mai yoyo, sau uku a rani guda, hannunta na sauka da kansa, mai na zafi? Juwan muka yi ta zargi. Sai da na kama aiki inda ake haɗa veran, bututun da mai ke tura sanda a cikinsa ya ɗaga hannun katafila, na gane bututun ne ya cuce mu, wanda na sayo a Yamai don na ga cikinsa na ƙyalli.

A nan ba a sayen bututu da ido. Kowane yana zuwa da takardarsa: irin ƙarfen, galibi E355, da ajin faɗin cikinsa, H7 ko H8 ko H9. Ɗauki mai faɗin milimita 100. In H7 ne, ba zai wuce awon da fiye da milimita 0.035 ba. H8 an yarje masa 0.054, H9 kuma 0.087, kusan kaurin silin gashi. Ka ce wannan ai ba komai ba ne, amma idan mai ya matso da ƙarfin bar 300, ta wannan ɗan giɓin yake tura juwan yana tauna shi. Ga kuma santsi. Dutsen da ake goge cikin da shi yana barin siraran zane a gicciye, su ke riƙe mai don kada roba ta ƙone, kuma kaushin bai wuce mikiron 0.4 ba (mikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Namu na ranar, takardar yashi muka ɗaura a sanda muka goga, Allah Ya sani iyakar abin da muke da shi ke nan.

Kada mai shago ya ruɗe ka da H7. Tsada gare shi, aikinsa injinan da ke buƙatar motsi daidai wa daida. Katafila da tarakta H8 ya ishe su, shi muka fi yankawa a nan ma. H9 a bar wa ƙaramin aiki marar matsi sosai.

Abin da mutanen nan suka fi mu shi ne awo da tsabta: bututu bakinsa a toshe yake har ranar haɗi. Mu kuwa a ƙasa yake kwana, hunturu na zuba masa ƙura, ƙurar kuma ita ke karce shi. Amma wajen ceto abin da ya lalace, ban ga hannu irin naka ba. Su sau da yawa canzawa kawai suke yi.

Na sayi ma'aunin cikin bututu mai agogo, zan ba wani ɗan Ader da zai zo gida bayan salla ya kawo maka. Kafin nan a sa yara su rubuto mini faɗin veran ɗin da suka fi shigowa garaji, in haɗo da juwan ɗinsu. A gaida Inna.