Saƙo daga Guwanzu ta ƙasar Sin: yuwan, dala da kayan da ake lodi zuwa gida

Assalamu alaikum 'yan'uwa na Kwari, Sabon Gari da Farm Centre, da na Maraɗi da Damagaram. Tambayar da ta fi yawa a saƙonninku ita ce ta BRICS, ƙungiyar manyan ƙasashe masu tasowa da Sin ke ciki: wai an buga sabon kuɗin da zai kori dala? Ba a buga ba. Hoton takardar da ake yawo da shi a wayoyi ko ruwan leda ba ya saya a Guwanzu. Abin da ya sauya da gaske shi ne hanyar biya.

Ƙungiyar ta yi taron shugabanninta na farko a 2009 da Brazil, Rasha, Indiya da Sin, sannan Afirka ta Kudu ta shigo. A 2024 aka ƙara Masar, Habasha, Iran da Daular Larabawa, Indonesiya kuma a 2025. Najeriya ƙawa ce tun Janairun 2025, ba cikakkiyar mamba ba. Bankinsu da ke Shanghai manyan ayyuka yake ba rance, irin su hanyoyi da lantarki. Ɗan kasuwa mai kwantena ɗaya ba shi da layi a can.

Wanda ya shafe ku shi ne musayar kuɗin da babban bankin Najeriya ya ƙulla da na Sin a 2018, ta yuwan (kuɗin Sin) biliyan 15, aka sabunta ta a ƙarshen 2024. Masana'anta a nan da yuwan take biyan ma'aikata da wuta, don haka idan ka nemi farashi da dala sai ta ɗora wani abu a kai don gudun faɗuwar canji. Kai kuma ka riga ka yi asara sau biyu, daga naira zuwa dala, daga dala zuwa yuwan. Ku riƙa neman farashi biyu a takarda ɗaya, ku tambaya ko da harajin VAT na Sin na kashi 13 cikin ɗari a ciki ko babu, domin mai fitar da kaya ta hanyar hukuma ana mayar masa da wani ɓangare ko duka, ya danganta da irin kayan.

A nan ne ake yawan ƙonewa. Ɗan canji ya karɓi nairarka a Kano, wani da ba ka sani ba ya tura wa mai kaya yuwan daga asusunsa a Sin. Idan kuɗin da ke asusun nan ya taɓa cuɗanya da na damfara, 'yan sanda kan rufe asusun mai kayan na watanni, shi kuma ya riƙe kayanka. Shi ya sa 'yan kasuwar Yiwu, birnin sarin kaya a Sin, da dama ba sa son kuɗi daga baƙon suna. A tura wa asusun kamfani, sunan ya zo daidai da na lasisinsa da na takardar farashi, harafi da harafi. Kuɗin jirgin ruwa kuwa har gobe da dala ake lissafa shi, haka ma kwastam a Legas da canjin dala take auna haraji. Dalar ta ja baya a bakin masana'anta, amma tana nan daram a tashar jirgi.

Batun kaya, Sin ba ta da inganci iri ɗaya. Kuɗinka ne ke zaɓar maka. Batirin sola na litiyam mai 12.8V da 100Ah nauyinsa kan kai kilo 10 zuwa 13. Wanda bai kai ko kusa ba, a buɗe shi ko a gwada shi da na'ura kafin a biya. A yadi, masaƙa da mita take aunawa, mu kuma da yadi, wanda bai kai mita ba, santimita 91 ne da ɗoriya. A rubuta turmi yadi 6, a rubuta faɗi da nauyin giram, in ba haka ba samfuri ya zo da kauri, kaya su zo kamar gidan sauro. Wutar Sin 220V ce, ta dace da tamu, amma filoginsu daban ne. Sai an ce musu mai ƙafa uku irin na Ingila.

Indiya ta fi ƙarfi a babur da keke mai ƙafa uku, Bajaj da TVS, da kuma magunguna, waɗanda ba a kusantarsu sai da rajistar NAFDAC. Dubai galibi dillanci take yi: kayan Sin ne da ƙarin farashi, amma ana sayar maka kaɗan, ya iso da wuri. Mai ƙaramin jari da ke son juya kuɗinsa da sauri, wani lokacin can ta fi masa.

Al'adar biya ita ce kashi 30 kafin a fara aiki, 70 kafin lodi. Kada 70 ɗin ta fita sai wani naka ya buɗe kwalaye ya ƙirga. Kwantena mai ƙafa 20 tana cin kimanin CBM 28 (kubik mita, ma'aunin girman kaya), doguwa mai ƙafa 40 kusan 68. Form M (takardar shigo da kaya da ake cikewa ta banki) da SONCAP (shaidar ingancin kaya) a gama su kafin jirgi ya tashi, don kowace rana da kaya suka kwana a Apapa ko Lekki kuɗi ce. A ware wata ɗaya da rabi zuwa biyu na tafiyar ruwa. Kuma masana'antu kan rufe makonni a bikin sabuwar shekararsu, tsakanin Janairu da Fabrairu, don haka kayan sallar da ke kusa da lokacin tun Nuwamba ake ba da odarsu.

Kwantenonin nan da yawa fanko suke komowa. Sin na sayen riɗi sosai, kuma tun Disambar 2024 ta cire haraji ga kayan ƙasashe mafi ƙarancin ci gaba da ke hulɗa da ita, ciki har da Nijar da Chadi. Masu saye a nan tsabta da bushewa suke fara dubawa: yashi da ƙaiƙayi kada su wuce kashi 1 zuwa 2, danshi kada ya haura kashi 6 zuwa 7. Buhun da aka ɗinke da sauran laima, kafin ya iso tashar Qingdao ya yi fumfuna, a nan ne mai saye zai zabge farashi ko ya ƙi karɓa gaba ɗaya.