WhatsApp Business a gidan abinci: inda yake da ƙarfi da inda ya gaza

Ina da ƙaramin gidan abinci a Kano: waina da safe, tuwon shinkafa da dambu da rana, farfesun kayan ciki da yamma. 'Yan'uwa mata masu irin sana'ata suna yawan tambayata ko akwai amfanin sauke WhatsApp Business, tunda ga wanda kowa ya saba da shi. Akwai amfani sosai. Sai dai ki san aikinsa tun farko: yana riƙe miki wanda ya riga ya ɗanɗani girkinki, amma ba ya fita ya nemo miki baƙo.

Manhajar ta fito a 2018, kuma kyauta ce. A 2019 aka ƙara mata katalog, inda za ki jera hoton kowane abinci da farashinsa. Wannan ya rage mini amsa "nawa ne?" tun safe har dare. Amma yana son kulawa, don duk ranar da shinkafa ta tashi a kasuwar Dawanau sai kin koma kin gyara farashi, in ba haka ba kwastoma zai zo da tsohon kuɗi a hannu, kuma da gaskiyarsa. Akwai kuma amsoshin da ake ajiyewa. Na rubuta lambar asusu da kwatancen shago sau ɗaya, yanzu da na danna alamar / sai su fito. Mai hannu cikin kwaɓin waina ta san darajar wannan.

Inda kasuwar take da gaske shi ne status. Na lura hoton faranti da "akwai abinci" a ƙarƙashinsa ba ya motsa kowa. Abin da ke kawo oda shi ne ɗan bayani. Wajen ƙarfe sha ɗaya nakan ɗauki tukunyar taushe tana tafasa, kabewa ta narke, manja ya taso gefe-gefe, alayyahu bai riga ya mutu ba, in rubuta layi biyu: kabewar nan daga Yankaba aka kawo ta yau da safe, gyaɗar kuma a gida muka soya muka niƙa. Kafin azahar ma'aikatan ofis sun fara turo saƙo, "Hajiya, a ajiye mini malmala biyu." Mutum yana son ya san hannun da ya dafa masa abinci da inda kayan suka fito, kuma wannan babu mai rubuta miki shi sai ke da kika tsaya a bakin murhu. Ban yarda da ɗauko hoton abincin wasu daga intanet ba ko kaɗan. Cin amanar mai saye ne, kuma ranar da aka buɗe roba za a gane. Da azumi kuwa, hoton kunun gyaɗa da ƙosai bayan la'asar ya fi kowace irin talla.

To, ga inda ya gaza. Status yana ɓacewa bayan awa 24, duk kyan abin da kika rubuta. Kuma ba ya kaiwa ga kowa sai wanda ya ajiye lambarki, ke ma kika ajiye tasa. Saƙon da ake turawa mutane da yawa a lokaci guda shi ma iyakarsa mutum 256 a jeri ɗaya, kuma wanda bai ajiye lambarki ba ba zai same shi ba. Ke nan baƙon da ya sauka Kano yana neman inda zai ci tuwo mai kyau ba zai taɓa cin karo da ke a nan ba. Wannan aikin Google Maps ne da Facebook da Instagram, inda abin da kika sa yake zama, a neme shi a samu ko bayan shekara. Tashar WhatsApp (Channel) da aka ƙaro a 2023, wadda kowa zai iya bi ya ga abin da kika sa, ta ɗan faɗaɗa ƙofa, amma masu bi ba sa iya rubuto miki oda ta cikinta.

Biyan kuɗi ma a Najeriya ba ta cikin manhajar ake yi ba, tura kuɗi ake ta banki. Hoton rasit da aka turo miki ba kuɗi ba ne. Ki duba asusunki da idonki kafin mai babur ya tashi da abinci.

In za ki fara, ki ware wa shago layinsa daban da na gida, don kada odar mutane ta nutse cikin hirar dangi da sanarwar biki. Ana iya haɗa lamba ɗaya da wasu na'urori har huɗu, saboda haka yarinyar da ke karɓar kuɗi za ta iya amsa saƙo ke kina madafa. Ni na buga lambar a takarda ina mannawa a murfin kowace roba, kuma duk wanda ya zo cin abinci nakan ce masa, "Alhaji, a taimaka a ajiye lambar nan, ni ma a ba ni taku," domin sai an yi wannan musayar tukunyar gobe za ta bayyana a wayarsa.