Buck Rogers da Flash Gordon: wa ya riga wani, kuma da wanne za ka fara?

Malam, tambaya biyu ka yi a dunƙule: tsakanin Buck Rogers da Flash Gordon wa ya kwaikwayi wani, kuma in mutum zai nemi tsofaffin labaran zanen nan na jarida ya karanta, da wanne zai fara. Ta farkon ba ta da wuya. Buck ne yaya. Ya fara fitowa a jaridun Amurka ranar 7 ga Janairu 1929, Flash kuwa sai ranar 7 ga Janairu 1934, shekara biyar cif. Kuma ba a ɓoye aka yi ba. Kamfanin King Features ne ya ga irin kasuwar da Buck ke ja wa kamfanin John F. Dille na Shikago, sai ya sa wani matashin mai zanensa, Alex Raymond, ɗan shekara 24, ya yi wa Buck kishiya.

Amma ka ajiye farkon labaran biyu kusa da juna, za ka ga ba hanya ɗaya suka bi ba.

Buck daga rubutu ya fito. Philip Francis Nowlan ya fara buga labarin a mujallar Amazing Stories a watan Agustan 1928, sannan aka mai da shi zane, Dick Calkins na zanawa. Buck tsohon sojan sama ne da aka sallama bayan yaƙin duniya na farko, ya sami aikin awo a wani tsohon ramin haƙar ma'adinai kusa da Pittsburgh. Ramin ya rufta da shi, wata iska ta bugar da shi, bai farka ba sai bayan shekara 500. Da ya fito sai ya tarar Amurka ta faɗa hannun 'yan mamaya, mutanenta na ɓuya a dazuka suna yaƙin sunƙuru. Wadda ya fara haɗuwa da ita, Wilma Deering, soja ce, da bindigarta da ɗamarar da ke sa mutum ya yi tsalle ya haye bishiya. Daga nan komai bayani ne: yadda ɗamarar ke aiki, yadda bindigar ke narkar da abu, yadda kumbo ke tashi. Dr. Huer na ƙera na'ura, Killer Kane da Ardala na ƙulla makirci.

Flash bai tsaya yi wa kowa bayani ba. A shafin farko kaɗai, wata duniya ta nufo tamu za ta yi karo da ita, mutane sun firgita. Flash, wanda ya gama jami'ar Yale kuma gwanin ƙwallon doki (folo ɗin nan dai da ake bugawa a Katsina da Kaduna), yana cikin jirgin sama tare da wata fasinja, Dale Arden, sai wani dutse daga sama ya karya fiffiken jirgin. Ya rungumo ta suka diro da lema, suka faɗa kusa da gidan binciken Dr. Zarkov, wanda aiki ba dare ba rana ya taɓa masa ƙwaƙwalwa. Ya auna su da bindiga ya tura su cikin roka. Duk wannan a shafi guda! Da suka isa duniyar Mongo kuwa, sai labarin ya koma na sarauta: azzalumin sarki Ming ya ce shi zai auri Dale, ya jefa Flash fagen dambe da dodanni, 'yarsa gimbiya Aura ta ƙyalla ido ta ga Flash ta ce ba a isa a kashe shi ba. Sai masu kan zaki ƙarƙashin Thun, masu fukafukai ƙarƙashin Vultan da birninsu da ke rataye a sararin sama, da Barin da ke neman gadon sarautar. Roka na nan, amma takobi ya fi ta aiki. Tatsuniya ce da aka sa wa injin.

A ganina asalin bambancin daga filin da jarida ta ba kowannensu ya taso. Buck ɗan tsiri ne na kullum, baƙi da fari, 'yan akwatuna a jere, dole ya cika su da magana. Flash shafin Lahadi ne mai launi, da wani labarin zane mai suna Jungle Jim a samansa, shi ma na Raymond. Mako guda yake da shi ya ƙawata shafi ɗaya. Da farko zanen nasa ba wani abin a zo a gani ba ne, amma cikin shekara biyu ya rage yawan akwatunan ya faɗaɗa su, ya koma aiki da buroshi, har ka ga alkyabbar Ming kamar iska na kaɗa ta. Daga baya ma ya daina sa magana a bakin mutane cikin kumfa, ya mai da ita ƙasan hoto don kada ta tare zanen. Don Moore ne ke taya shi rubutun. Calkins kuwa, Allah Ya sani, mutanensa a sandare suke kamar an sassaƙa su da gatari. Na'urorinsa ne ke da rai.

Aibi ɗaya suka yi tarayya a kai, kuma gara ka sani tun yanzu. 'Yan mamayar Buck Mongol aka kira su, Ming na Mongo kuma kana ganin idonsa da gemunsa ka san wa ake nufi. Tsoro da ƙyamar mutanen gabashin Asiya da ke yawo a Amurka a wancan zamani ne aka zuba a takarda.

Wajen daɗewa, ƙane ya wuce yaya. Nowlan ya rasu a 1940, Calkins ya bari a 1947, Buck ya yi ta sauya hannu, daga Murphy Anderson har George Tuska, aka rufe shi a watan Yulin 1967. An farfaɗo da shi a 1979 lokacin shirin talabijin, ya sake mutuwa a 1983. Flash ya sami tsirin kullum a 1940 a hannun Austin Briggs. Raymond ya tafi aikin soja a 1944, bai kuma koma kan Flash ba. Da ya dawo wani sabon labari mai suna Rip Kirby ya ƙirƙira, ya rasu a haɗarin mota a 1956. Mac Raboy ya riƙe shafin Lahadi daga 1948 zuwa 1967, Dan Barry ya dawo da na kullum, wanda ya tsaya a baya, a 1951 ya yi kusan shekara arba'in a kai. Sabon shafin Lahadi bai daina fitowa ba sai 2003, kuma a 2023 aka sake tayar da shi. A Turai ma ya sha gwagwarmaya. Gwamnatin Mussolini ta hana buga shi a Italiya a 1938. A Beljiyam, da yaƙi ya yanke zuwan shafukan daga Amurka, mujallar Bravo ta sa Edgar P. Jacobs ya ci gaba da zana labarin da kansa, har 'yan mamayar Jamus suka tsai da shi.

Abin da ke sa mutane na cakuɗa su, ina jin, fuska ce. Buster Crabbe ne ya fito a matsayin Flash a fim a 1936, shi ɗin ne kuma ya fito a Buck a 1939.

Ni dai da Flash zan ce ka fara, shekarun Raymond, 1934 zuwa 1944, ka daure wa watannin farko har hannunsa ya faɗa. In ka gama, ka koma tsirin kullum na Buck na 1929 da 1930, har inda ya fara fita sararin samaniya ya gamu da damisan duniyar Mars. Sai dai ka lura wajen sayen kundi: shafin Lahadin Buck da ya fara a watan Maris 1930, shekarunsa na farko labarin Buddy ne, ƙanen Wilma, da gimbiya Alura. Sunan Buck na saman shafin, amma shi kansa ba ya ciki.